Hanyoyin haɗa kyamara da na'urar hangen nesa don ɗaukar hoton duniyoyi

Hanyoyin haɗa kyamara da na'urar hangen nesa dabaru ne da masu sha'awar ilimin taurari ke bi don ɗaukar hoton duniyoyin da ke kewaya Rana, musamman Mushtari, Zuhal, Mars da Zahra. Hanyoyi biyar ne suka fi shahara: hanyar afokal, haɗin kai tsaye, haɗi ta gilashin Barlow, haskawa ta gilashin leƙe, da kuma goyo. Sun bambanta wajen kuɗin kayan aiki, da nauyin da suke ɗora wa na'ura, da yawan gilasan da haske ke ratsawa kafin ya isa kyamara.

Babban abin da ke raba su shi ne girman da duniya ke fitowa da shi a cikin hoto. Duniyoyi suna da haske sosai, amma ƙanana ne a ido, saboda haka aikin abin haɗi shi ne ya faɗaɗa surarsu daidai gwargwadon abin da na'urar da iskar sama za su iya bayarwa. Idan faɗaɗawar ta gaza, duniyar za ta fito kamar ɗigo. Idan ta yi yawa, hoton zai dushe ya yi duhu ba tare da an sami ƙarin bayani ba.

Girman duniyoyi a sama

Ana auna girman abu a sararin sama da kusurwa. Digiri 1 yana da minti 60, minti 1 kuma yana da sakan 60. Wannan sakan na kusurwa ne, ba na agogo ba. Faɗin Wata kusan rabin digiri ne, wato sakan kusurwa 1,800.

Mushtari, wadda ake kira Jupita, tana kaiwa tsakanin sakan 30 zuwa 50. Jikin Zuhal, wadda ake kira Satun, yana tsakanin sakan 15 zuwa 20, zobbanta kuma suna wuce sakan 40 idan ta matso kusa. Zahra, wadda Hausawa ke yi wa kirari da Zara matar wata, tana sauyawa daga kimanin sakan 10 zuwa fiye da 60. Mars tana ƙanƙancewa har ƙasa da sakan 4, ba ta kuma wuce sakan 25 da ɗan kai. A ranar 27 ga Agusta 2003 ta matso duniyarmu da nisan kusan kilomita miliyan 56, ta kai wannan iyaka ta sama.

Ke nan ko Mushtari a mafi girmanta sai an jera 36 kafin su cike faɗin Wata. Shi ya sa kayan da ke ɗaukar Wata da kyau ba lalle ne su wadatar ga duniyoyi ba.

Tarihi

John William Draper ya ɗauki hoton Wata a birnin New York a 1840. Duniyoyi sun fi wuya, domin farantan hoto na wancan zamani suna buƙatar lokaci mai tsawo, iska kuma tana ɓata surar kafin a gama. A tsakiyar shekarun 1880 'yan'uwa biyu, Paul da Prosper Henry, suka ɗauki hotunan Mushtari da Zuhal a cibiyar duban taurari ta Paris. Duk da haka, har ƙarshen zamanin fim, ƙwararren mai duba da ido yakan zana abin da ya fi hoton fim fitowa.

A zamanin fim, haskawa ta gilashin leƙe ce hanyar da masu sha'awa suka fi bi. Abin ya sauya a farkon shekarun 2000, lokacin da aka fara cire gilashin kyamarar hira ta kwamfuta, irin Philips ToUcam Pro, ana cusa ta a mazaunin gilashin leƙe ana ɗaukar bidiyo. Manhajar RegiStax ta Cor Berrevoets ta ba da damar zaɓen hotuna masu kyau daga bidiyon a haɗa su wuri guda. Daga nan kamfanoni suka shiga ƙera ƙananan kyamarori na musamman don duniyoyi. Yaɗuwar wayoyin hannu masu kyamara kuma ya farfaɗo da hanyar afokal.

Ma'aunan kwatanci

Akwai ma'aunai huɗu da ake buƙatar sani kafin a kwatanta hanyoyin.

Faɗin baki shi ne faɗin babban madubi ko babban gilashin na'ura. Shi ke yanke iyakar ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa. Bisa ƙa'idar Dawes, ana raba 116 da faɗin baki a milimita. Na'ura mai baki milimita 130 tana rarrabe kusan sakan 0.9, mai milimita 200 kuma kusan sakan 0.6. Babu wani abin haɗi da zai ƙetare wannan iyaka.

Tsawon fokas shi ne nisan da ke tsakanin babban madubi ko gilashi da inda haske ke tattaruwa ya zama sura. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon girman surar.

Lambar f ita ce tsawon fokas a raba da faɗin baki. Na'ura mai baki milimita 130 da fokas milimita 650 tana da f/5. Idan aka ninka lambar f sau biyu, hasken surar yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Girman fiksel shi ne faɗin kowane ɗigo a kan sansa, wato allon da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ana auna shi da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Don sanin yawan sakan kusurwa da ke faɗa wa fiksel guda, ana ninka girman fiksel da 206, a raba da tsawon fokas a milimita.

Masu ɗaukar duniyoyi suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: lambar f ta kasance kusan ninki biyar na girman fiksel, ko har bakwai a daren da iska ta natsu sosai. Kyamara mai fiksel na maikiron 3.75, kamar ZWO ASI224MC, tana son kusan f/19. Mai maikiron 2.9 tana son kusan f/15. Aikin kowace hanya shi ne ta kai na'urar ga wannan lamba.

Hanyar afokal

A wannan hanya ana barin gilashin leƙe a na'ura, a bar gilashin kyamara a jikinta, a ɗora kyamarar a inda ido ke leƙawa. Ita ce kaɗai hanyar da wayar hannu ke ɗaukar hoto ta cikin na'ura, tun da ba a cire gilashin waya. Ana iya riƙe wayar da hannu, amma mariƙin waya, wanda ke damƙe gilashin leƙe da wayar tare, ya fi ba da hoto tsayayye.

Ana lissafa girman sura da matakai biyu. Da farko a raba tsawon fokas na na'ura da na gilashin leƙe a sami ƙarfin faɗaɗawa. Sannan a ninka shi da tsawon fokas na gilashin kyamara. Misali, na'urar milimita 650 da gilashin leƙe na milimita 10 suna faɗaɗawa sau 65. Idan gilashin wayar milimita 4 ne, jimillar ta zama milimita 260. A kan fiksel na maikiron 1.4, Mushtari mai sakan 45 za ta kai faɗin fiksel 40 ko kusa da haka. Wannan ya isa a ga manyan ɗamarunta biyu, a kuma gane zobban Zuhal.

Amfaninta shi ne arha da sauƙi, sannan ƙura ba ta samun hanyar shiga sansa. Matsalolinta kuwa suna da dama. Dole gilashin wayar ya zauna daidai tsakiyar gilashin leƙe kuma a nisan da ya dace, in ba haka ba gefen hoton zai yi baƙi. Haske yana ratsa gilasai masu yawa, kowanne yana ƙara nasa aibin. Waya tana auna haske da duhun sama, sai ta ƙone duniyar ta zama farin dunƙule, don haka sai an rage haske da hannu an kuma kulle fokas. Wayoyi masu kyamara biyu ko uku sukan sauya gilashi da kansu idan aka zuƙo hoto, sai surar ta ɓace. Taɓa allon waya yana girgiza na'ura, shi ya sa ake amfani da ƙidayar lokaci ko maɓallin da ke jikin abin sauraro na kunne.

Haɗin kai tsaye

A nan ana cire gilashin leƙe, a cire gilashin kyamara, na'urar hangen nesa ta zama ita ce gilashin kyamarar. Surar tana sauka a kan sansa ba tare da wani gilashi a tsakani ba.

Manyan kyamarori masu sauya gilashi suna buƙatar abubuwa biyu: zoben T, wanda ke shiga bakin kyamara, da ɗan bututu da ake murɗa masa ya shiga mazaunin gilashin leƙe. Kamfanin Tamron na Japan ne ya fito da tsarin T a 1957. Faɗin murɗinsa milimita 42 ne, tazarar haƙoransa kuma milimita 0.75. Akwai wani tsohon tsarin gilasan kyamara mai faɗin milimita 42 da tazarar milimita 1, wanda ya yi kama da shi a ido. Tilasta ɗaya a kan ɗaya yana cinye haƙoran. Bututun yana zuwa da faɗin inci 1.25 ko inci 2. Ƙananan kyamarorin duniyoyi kuwa suna zuwa da bututun inci 1.25, ana zura su kamar gilashin leƙe, a haɗa su da kwamfuta da wayar USB.

Wannan hanya ce ta fi ba da sura mai tsabta da haske, amma surar ƙarama ce. A na'urar milimita 650 da fiksel na maikiron 3.75, Mushtari mai sakan 45 tana cin fiksel 38 kawai. A na'ura mai dogon fokas irin Celestron C8, mai baki milimita 203 da fokas milimita 2,032, tana kaiwa fiksel 118. Saboda haka haɗin kai tsaye shi kaɗai ya fi dacewa da Wata, da Mushtari tare da manyan watanninta huɗu, da kuma na'urorin da fokas ɗinsu dogo ne tun asali.

Akwai matsalar da aka sani a na'urori samfurin Newton da aka ƙera don duba da ido. Sansar babbar kyamara tana can ciki, tsarin T kuma yana ajiye ta milimita 55 a bayan zoben. Sau da yawa bututun fokas yakan ƙure kafin surar ta fito. Ana magance wannan da gilashin Barlow, ko da gajeren bututun fokas, ko a matso da babban madubi gaba.

Haɗi ta gilashin Barlow

Gilashin Barlow gilashi ne mai baza haske da ake sakawa tsakanin na'ura da kyamara. Yana ninka tsawon fokas, galibi sau 2 ko 3, wasu har sau 5. An sa masa sunan Peter Barlow, masanin lissafi na Ingila, wanda ya yi aiki a kansa tare da maƙerin gilasai George Dollond a shekarun 1830.

Da Barlow mai ninki 3, na'urar milimita 650 tana komawa milimita 1,950 a kan f/15, Mushtari kuma ta tashi daga fiksel 38 zuwa 113. Da mai ninki 2, C8 tana komawa milimita 4,064 a kan f/20, Mushtari ta kai fiksel 236. Duka lambobin biyu suna kusa da f/19 da kyamarar ke so. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramar kyamarar bidiyo a bayan Barlow ta zama tsarin da akasarin ƙwararrun masu ɗaukar duniyoyi ke amfani da shi a yau.

Ninkin da aka rubuta a jikin Barlow yana aiki ne a wani nisa takamaimai. Idan aka ƙara tazara tsakaninsa da sansa, ninkin yana ƙaruwa, har mai ninki 2 ya iya zama kusan 3 a bayan babbar kyamara. Wasu sukan yi amfani da wannan da gangan don daidaita lambar f. Akwai nau'in da ninkinsa ba ya sauyawa sosai da nisa, kamar Powermate na kamfanin Tele Vue, amma ya fi tsada.

Farashin girman sura shi ne ƙuncin fili. Juyawar duniyarmu tana sa abin da ke kusa da ikwaitar sama ya gusa da sakan kusurwa 15 a kowane sakan na agogo. A milimita 1,950, duniya tana ratsa sansa mai faɗin fiksel 1,300 cikin kusan sakan 35. Idan mazaunin na'urar ba shi da injin bin taurari, sai a riƙa barin duniyar ta ratsa, a maido ta, a sake ɗauka.

Haskawa ta gilashin leƙe

A wannan hanya ana cire gilashin kyamara amma a bar gilashin leƙe, wanda ke haska surar a kan sansa kamar yadda majigi ke haska hoto a bango. Gilashin leƙen yana zama a cikin wani bututu na musamman da ke ƙarewa da zoben T.

Ana samun ninkin ta hanyar cire tsawon fokas na gilashin leƙe daga nisan da ke tsakaninsa da sansa, a raba da tsawon fokas ɗin. Gilashin milimita 10 a nisan milimita 60 yana ninkawa sau 5, ya mayar da na'urar milimita 650 zuwa milimita 3,250 a kan f/25. Sauya gilashin leƙe ko zame bututun yana sauya ninkin, kuma wannan sassaucin shi ne babban amfaninta.

A zamanin fim ana buƙatar irin wannan babban ninki don surar ta rinjayi tsakuwar fim. Ƙananan fiksel na yau ba sa buƙatarsa, saboda haka hanyar takan wuce gona da iri cikin sauƙi. An ƙera gilashin leƙe ne don ido, shi ya sa gefen surar yakan dushe idan aka haska shi a kan sansa. Dogon bututu da kyamara mai nauyi a ƙarshensa kuma suna lanƙwasa bututun fokas. Har yanzu tana da amfani ga mai na'ura mai gajeren fokas wanda yake da gilasan leƙe amma ba shi da Barlow.

Goyo

A goyo ana ɗaure kyamara da gilashinta a bayan na'urar hangen nesa, hasken ba ya bi ta cikin na'urar. Abin da kyamarar ke amfana da shi kawai shi ne injin bin taurari. Duniyoyi suna fitowa kamar taurari masu haske, ba a ganin fuskarsu. Hanyar ta dace da jerin duniyoyi a sama, ko haɗuwar duniya da jinjirin wata. Idan haɗuwar ta matsu ƙwarai, kamar ta Mushtari da Zuhal a ranar 21 ga Disamba 2020, lokacin da tazararsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri, haɗin kai tsaye yana iya ɗaukar su biyun a hoto guda.

Kwatanci a taƙaice

| Hanya | Gilashin kyamara | Gilashin leƙe | Girman sura | Babbar matsala |
|---|---|---|---|---|
| Afokal | Yana nan | Yana nan | Matsakaici | Saiti da girgiza |
| Kai tsaye | An cire | An cire | Ƙarami | Ƙanƙantar duniya |
| Barlow | An cire | An cire | Babba | Ƙuncin fili |
| Haskawa | An cire | Yana nan | Babba ƙwarai | Duhu da nauyi |
| Goyo | Yana nan | Ba a amfani da shi | Ɗigo | Ba a ganin fuskar duniya |

Bidiyo da tace hoto

Kowace hanya aka bi, abin da ya fi ɓata hoton duniyoyi shi ne rawar iska. Iska mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya suna karkatar da haske, sai surar ta riƙa rawa kamar abin da ake hangowa a kan kwalta da tsakar rana. Maganin shi ne a ɗauki dubban hotuna masu gajeren lokaci a jere, a zaɓi waɗanda suka dace da lokacin da iska ta lafa, a ɗora su a kan juna. David Fried ya yi lissafin yiwuwar samun irin wannan hoto na sa'a a wata maƙala ta 1978. Ana ɗauka da manhajoji irin FireCapture da SharpCap, a tara da AutoStakkert, a fito da bayanai da RegiStax.

Wannan yana shafar zaɓen kyamara. Ƙananan kyamarorin duniyoyi suna ɗaukar hotuna fiye da 100 a sakan idan aka taƙaita filin, kuma ba sa matse bayanan. Waya da babbar kyamara suna matse bidiyo, babbar kyamara kuma takan rage fiksel don ta cike allo. Wasu samfura, irin Canon EOS 550D da 60D, suna da tsarin da ke ɗaukar tsakiyar sansa kaɗai ba tare da ragewa ba. Mushtari tana juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, saboda haka akan tsaida bidiyonta a minti biyu zuwa uku don kada alamominta su shafe.

Yanayi a Gwarzo da Kabo

Wurin da mai ɗauka yake yana sauya lissafin. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da ke yammacin Jihar Kano a kan hanyar da ta tashi daga birnin Kano zuwa Dayi a Jihar Katsina, suna kusa da digiri 12 arewa da ikwaita. Duniyoyi suna bin hanyar da ba ta nisa da ta Rana, wadda ke kaiwa digiri 23.4 arewa da kudu. Saboda haka a wannan yanki duniya takan hau digiri 50 ko fiye a ƙololuwar tafiyarta, wani lokaci ma ta bi ta tsakar ka. A ƙarshen Yuli 2018, lokacin da Mars ta matso, ta hau kusan digiri 52 a sararin Gwarzo, alhali a Landan ba ta wuce kusan digiri 13 ba.

Wannan babbar dama ce. Idan duniya ta yi sama, haskenta yana ratsa iska kaɗan, rawar tana raguwa, haka ma rabewar launi da ke sa gefe ɗaya ya yi ja ɗaya ya yi shuɗi. Masu ɗauka a Turai sukan ƙara wani gilashi na musamman don gyara wannan rabewa. A Kabo ko Gwarzo ba a cika buƙatarsa ga duniyar da ta yi sama ba, sai ga Zahra, wadda ba ta nisa da Rana kuma akan same ta ƙasa-ƙasa da almuru ko da asuba.

Amma tsayin yana jarraba abin haɗi. Idan na'ura mai leƙe ta baya ta fuskanci tsakar ka, kyamarar tana rataye a ƙasa, nauyinta duka yana kan ƙananan sukurori biyu ko ɗaya. Babbar kyamara a ƙarshen bututun haskawa tana iya zamewa ta faɗi, ko ta ja bututun fokas ya sauka. Ƙaramar kyamara a bayan Barlow, ko waya a mariƙi mai ƙarfi, sun fi aminci, kuma akan ɗaure igiyar kyamara a jikin na'ura. Mazaunin da ke juyawa sama da gefe, irin na Dobson, yana da wuyar sarrafawa daf da tsakar ka, don haka akan ɗauka kafin duniyar ta isa can ko bayan ta gota. Mazaunin da ake saitawa da tauraron arewa kuwa yana samun tauraron a digiri 12 kacal, inda hazo da gine-gine ke iya rufe shi, kuma a wasu samfura ƙarfen ma'aunin nauyi yana bugun ƙafar mazaunin.

Lokutan shekara ma suna da tasiri. Daga Yuni zuwa Satumba gizagizan damina suna rufe sama a darare da yawa, ko da yake sama takan yi garau bayan ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo hazo. Siririn hazo yana rage hasken duniya amma ba lalle ya dusar da ita ba, domin tsabtar sama daban take da natsuwar iska. Illar ƙura ta fi yawa a kan kayan aiki. A lambar f mai girma, kowace ƙwayar ƙura da ke kan sansa tana fitowa baƙin tabo a hoto. Hanyoyin da ake cire gilashin kyamara su ne suka fi fuskantar wannan, saboda haka akan haɗa kayan a cikin ɗaki, a toshe bakin bututun da matatar haske mai murɗi, a rage cirewa da mayarwa a waje. Ba a goge ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle, domin tana karce gilashi, sai dai a hure ta da famfon roba.

Mafi kyawun lokacin ɗaukar Mars, Mushtari da Zuhal shi ne muƙabala, wato sa'ad da duniyarmu ta shiga tsakaninsu da Rana, suka fito da faɗuwar rana suka kwana a sama. Mushtari tana yin muƙabala kusan duk wata 13, Zuhal duk shekara da mako biyu, Mars duk wata 26. Muƙabalar Mushtari ta 7 ga Disamba 2024 da ta 10 ga Janairu 2026 duk sun faɗo a hunturun Kano, ta Zuhal ta 21 ga Satumba 2025 kuma a ƙarshen damina.

Hasken fitilun gari bai cika damun duniyoyi ba, saboda haka ba sai an fita daji ba. Abin gudu shi ne zafin da rufin kwano, daɓen siminti da kwalta ke saki bayan faɗuwar rana, musamman da bazara. Fili mai ƙasa ko bakin gona ya fi tsakar gida mai siminti, kuma akan fitar da na'ura ta sha iska na rabin awa zuwa awa guda kafin a fara. Batun wuta shi ma yana shiga zaɓi: waya tana aiki da batirinta, ƙaramar kyamarar duniyoyi kuwa sai da kwamfuta mai caji.

Zaɓi da kariya

Ga ɗalibi ko ƙungiyar kimiyya ta makaranta da ke da na'ura da waya, afokal ce mafari, domin mariƙi kaɗai ake buƙata. Mai babbar kyamara zai ƙara zoben T da Barlow. Mai son bin sauye-sauyen gizagizan Mushtari ko ƙanƙarar da ke kan Mars zai koma ga ƙaramar kyamarar bidiyo da Barlow ɗin da ya kai shi lambar f da ta dace da fiksel ɗinsa. A dukkan hanyoyin, daidaita madubai, fokas mai kyau da mazauni mai ƙarfi sun fi tsadar kyamara tasiri.

Ba a taɓa fuskantar da na'urar hangen nesa ga Rana sai da matatar Rana ta musamman da ke rufe bakin na'urar gaba ɗaya. Hasken da ta tattara yana makantar da ido nan take, yana kuma ƙone sansa. Wannan ya shafi mai neman Zahra ko jinjirin wata kafin Rana ta faɗi.

Gudummawar masu sha'awa ga kimiyya

Manyan cibiyoyin duban taurari ba sa iya sa ido a kan duniyoyi kowane dare, saboda haka hotunan masu sha'awa suna cike giɓi. A ranar 19 ga Yuli 2009 Anthony Wesley, mai sha'awar taurari a Ostareliya, ya gano baƙin tabo a Mushtari wanda wani abu da ya faɗa mata ya bari. A ranar 3 ga Yuni 2010 shi da Christopher Go na ƙasar Filifin suka ɗauki walƙiyar wani karon a bidiyo, kowanne daga ƙasarsa. Hukumar NASA ta kuma nemi hotunan masu sha'awa don taimaka wa aikin kumbon Juno, wanda ya isa Mushtari a Yuli 2016. Tun da Mushtari tana juyawa da sauri, ana buƙatar masu ɗauka a sassa daban-daban na duniya don a riƙa ganin ta ba yankewa, kuma wuraren da ke kusa da ikwaita, irin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, suna ganin ta a sama sosai a duk shekarar da ta bayyana.